Shuɗiyar Motar Ɗan Kawuna

Shekarar da aka mayar da ni aiki wani ƙauye gaba da Kiyeshe, ban kwashe kayana daga Dogon Dutsi ba. Yarana suna lakwal, wato makarantar boko, a gari, maigidana a nan yake koyarwa, uwata kuma ta tsufa, tare muke zaune. Ni ungozoma ce, asibitin ƙauyen kuwa 'yan ɗakuna ne da rumfa, babu inda mai iyali za ta zauna. Sai na riƙa tafiya da safe ina dawowa da yamma a bayan kabu-kabu. Ranar da muka faɗi a cikin yashi ni da mai babur, salansa ta ƙone mini ƙauri, ina zaune ina wanke ciwon da kaina na ce ya isa haka, mota zan saya.

Ba babbar mota nake nema ba, albashina bai kai can ba. 'Yar ƙaramar kat-kat nake so, wadda ƙafafunta huɗu duk suna ja, mai ɗan tsayi daga ƙasa, wadda ba ta shan isansi, wato fetur, da yawa, kuma in ta lalace za a sami kayanta a garejin bakin kwalta ba sai an aika Yamai ba. Tsakanin gari da ƙauyen akwai wata korama mai faɗi. Da rani yashi ne zalla, da damina taɓo. Duk motar da ba za ta ƙetare ta ba, ba ta da amfani gare ni.

Labari ya kai kunnen ɗan kawuna, ɗan ƙanen uwata. Na girme shi sosai. Yana da shagon wayoyi a kasuwa, yana kuma taɓa dillancin motoci. Taubashina ne, da can ba ma haɗuwa ba mu yi wa juna tsiya ba, amma tun da ya tsayar da gemu ya shiga karatun sunna ya rage wasa. Ni dai kunnena bai daina sauraronsa da shirin jin zolaya ba.

Wata rana bayan la'asar ya yi sallama, ya gaida uwata, ya juyo gare ni.

"Yaya, kina biɗar mota ba ki hwaɗa mini ba? Taho ki gani, ga ta nan ƙohwar gida."

Shuɗiya ce, tana ƙyalli, daidai girman da nake so. An sa wa kujerunta sababbin riguna. Da na buɗe ƙofa ƙanshin turaren wuta ya buge ni, mai yawa, kamar ɗakin mai jego. Ya faɗi kuɗinta, na sa ya maimaita, don arahar ta yi yawa. Na zagaya ta a hankali. Tayoyin gaba sun suɗe, na baya kuwa kamar jiya aka sa su. Na nuna masa.

"Wanga ba komi ba ne, ni za ni canza miki su kyauta."

Nan na fara zargi. Mutumin da ko katin waya bai taɓa ba ni kyauta ba.

"Ta wa ce?"

"Wani alhaji mai hatsi, can Gesheme."

"Mi ya sa zai saida ta?"

"Ya sayi babba."

"Rantse mini lahiyarta lau."

Ya shafa gemu ya ce, "Yaya, rantsuwa ba abin wasa ba ce. Ni dai tun da ta zo hannuna ba ta taɓa mutu mini ba."

Na riƙe wannan magana, na yi ta juya ta. Bai ce lafiyarta lau ba. Ya ce ba ta mutu masa ba, shi da iyakar tafiyarsa daga shago zuwa masallaci, bisa kwalta.

A gida kowa ya so motar. Maigidana ya zauna a ciki ya kunna rediyo, ya ce jinina ba zai cuce ni ba. Uwata ta ce in na tsallake ɗan ƙanenta na saya hannun bare, da wane ido za ta dubi kawu. Yara har sun raba kujeru.

A wurin aiki na ba majo labari, shugaban asibitinmu, a ƙarƙashin rumfa. Wata tsohuwa da ta rako jikarta awo tana jinmu, 'yar wajen Gesheme ce. Ta matso ta ce, "Madam, shuɗiya? Ta alhaji mai hatsi? Kar ki soma. Aljana Doguwa na cikinta. Ko'ina tana gudu, amma da ta shiga korama sai ta durƙushe kamar raƙumi. An yi hayaƙi, an yi hayaƙi, ba ta hita ba."

Majo ya yi dariya, ni ban yi ba. A nan ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi na tashi, kakata 'yar bori ce, ba na raina maganar iskoki a gaban masu ita. Amma a aikina na sha ganin macen da aka ce iska ta taɓa, a duba a tarar ƙarancin jini ne. Abin da ya tsaya mini shi ne a korama kaɗai take durƙushewa. Na kuma gane dalilin turaren.

Da na gaya wa ɗan kawuna sai ya ɓata rai ya ce wannan shirka ce, bai zaci mai ilimi kamata za ta saurari tatsuniyar tsofaffi ba. Na ce to, mu gwada ta. Ya ce madalla, mu hau titin Dosso in ji yadda take tashi. Na ce ba Dosso nake aiki ba, hanyar ƙauye za mu bi. Daga nan uzuri ya fara: yau Juma'a, gobe kaya za su iso shago, jibi babu mai a ciki. Kowane uzuri yana da kan gado in an ɗauke shi shi kaɗai. Da na haɗa su sai na ji ba su yi mini daɗi ba. Na ce ni zan zuba man.

Wata Asabar da hantsi muka tafi, shi yana tuƙi. Gaskiya a kan jar hanya motar ta yi daɗi, ba ƙara ba girgiza, har na fara jin kunyar zargina. Da muka doso korama ya karkata hagu.

"Ina za ka?"

"Ta gehe ya hi, inda amalanke ke bi, ƙasar ta hi tauri."

"Ta tsakiya motar asibiti ke bi. Bi nan."

Ya dube ni, ya mayar da sitiyari. Ba mu kai rabin yashin ba motar ta fara nishi, ta tsaya. Ya taka mai, ta ƙara nutsewa. Na fita na koma gefe na ce ya sake takawa. Ƙafafun gaba suna ta watsa yashi, na baya kuwa ko motsi. Na gaya masa. Ya ce ai sai an latsa maɓalli, ya latsa, wata 'yar fitila ta kama a gabansa, ya sake takawa. Na baya suna nan tsaye.

Na ɗaure zanena da kyau na kwanta a yashi na leƙa ƙarƙashinta. Ni ba makanika ba ce, amma na sha kwanciya haka ƙarƙashin motar asibiti muna tone ta da hannu, mai naƙuda tana ciki. Na san akwai wani dogon ƙarfe kamar taɓarya da ke tasowa daga gaba ya kai ga ƙafafun baya. A nan babu shi. Sai wani faifan ƙarfe da ramukan ƙusoshi a buɗe, sun yi ja da tsatsa. Ba jiya aka cire shi ba.

Na ce ya zo ya gani. Ya tattara rigarsa ya durƙusa, ya daɗe yana kallo. Ya miƙe ya ce, "Inna lillahi. Alhaji ya cuce ni."

Na zuba wa fuskarsa ido. Ni da nake gane macen da ke ɓoye mini watannin cikinta tun kafin ta rufe baki, na kasa karanta yaron da na goya. Wasu manoma masu amalanken shanu suka ja mu muka fita, suna tambaya ko wannan ce ta Gesheme.

A hanyar dawowa na ce, "Ka sani?"

"In na ce a'a, kin yarda?"

"Ban sani ba."

"To mi za ni ce miki, Yaya."

Ya sauke ni a ƙofar gida ya wuce da motar. Daga baya na tambaya a gareji, aka ce akan cire ƙarfen ne in giyar baya ta cinye kanta, gyaran kuwa ya kusa sayen wata motar. Kawu ya zo ya yi wa uwata faɗa, wai na kunyata ɗansa gaban ƙauyawa. Uwata ta yi kwanaki tana amsa gaisuwata a taƙaice.

Na ci gaba da hawan kabu-kabu har aka yi girbi. Sannan na sami wata motar a hannun wani tsohon ma'aikacin gandun daji da ya yi ritaya. Fara ce da ta koma ruwan ƙasa, ƙofa ɗaya a lotse, gilashin baya ba ya sauka. Kafin mu gama gaisawa na kwanta na leƙa ƙarƙashinta, tsohon yana ta dariya. Da kansa ya ce mu je korama, ya ba ni makulli. Ita nake hawa har yau. Tana ɗan shan baƙin mai, amma ba ta taɓa barina a yashi ba.

Ni da ɗan kawuna muna gaisawa a suna da biki, yana tambayar yara, ina tambayar kasuwa. Ya ce ya mayar wa alhaji motarsa. Amma bayan 'yan watanni na gan ta a ƙofar wani ofis a gari, da sababbin tayoyi a gaba. Wani baƙon ma'aikaci da aka turo daga gabas ne ya saye ta, ban san daga hannun wa ba, ban kuma tambaya ba. Na yi ta shawara da zuciyata, ranar nan dai na tare shi yana shirin shiga, na gaishe shi, na ce in zai bar kwalta ya sa a duba masa ƙarƙashinta tukuna. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dubi tawa motar mai lotsattsiyar ƙofa.

"Hajiya," ya ce, "in sonta kike ki faɗa kawai. Ba ta sayarwa ba ce."

Ya shiga ya ja ƙofa, ya ɗaga gilashi.