Tsinke Da Akwatin Da Ke Jin Zagina

Ga kacici-kacici, musamman ga masu boko mai zurfi. Wane rumbu ne aka shekara uku ana ɗiba daga cikinsa kowace safiya bai ragu ba, amma ranar da masu ido biyu suka leƙa suka ce babu ko ƙwaya, suka rushe shi? Ku riƙe a bakinku. In na gama faɗan da zan yi, zan gaya muku.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran jikana, ɗan babban ɗana, yana da shekara talatin da ɗaya. Sikila ce, wadda ya zo duniya da ita. Ya bar mata da ɗiya guda mai shekara biyu. Ni Tsinke nake ce masa, don tun yana yaro in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa.

Tsinke, angona, ka ci amanata. Kai ka ce kai za ka sa ni a rami, har kana cewa za ka zaɓo mini mai faɗi saboda yawan juyina. Sai ga shi ka tsallake layi, ka bar tsohuwa riƙe da biro.

Rabin yarintarka a gadon asibiti ka yi, ni kuma a kujerar roba ta gefenka. Babu abin da nake da shi sai tatsuniya, kuma kaina ba ya riƙe yadda na faɗa jiya. Rannan, ledar ƙarin ruwa na rataye a kanka, ka kama ni. Ka ce jiya kura ce ta faɗa rijiya, yau kuma na ce ɗan sarki ne. Na ce maka labarin da ya fito iri ɗaya sau biyu ya mutu, gawarsa ake yawo da ita. Ƙarya na gilla don in kare kaina, ashe kai ka ɗauke ta karatu.

Da ka girma ka zama mai rubuta manhajar kwamfuta, irin wadda ke yin zane da kiɗa da kanta. Na sa ka yi mini bayani sau ba adadi, kuma ga yadda na gane. Kai ba ka zana hoton. Doka kake rubuta wa kwamfutar: in layi ya tafi ya gaji ya lanƙwasa, in ja ya haɗu da shuɗi su yi kaza, in sauti ya hau sau uku ya sauko. Sannan a jefa mata lamba ko wace iri ce, wadda kake kira iri, kamar irin shuka. Daga wannan lambar sai ta tsiro da abin da kai kanka ba ka taɓa gani ba.

Baffanka, autana, wanda nake kira Malam Na-Sani tun yana tsumman goyo, bai taɓa ɗaukar wannan sana'a ba. A gaban mutane yake cewa kwamfuta ce ke yi, shi yaron me ya yi? Kai kuwa sai ka yi murmushi ka ci gaba da danne-dannenka. Ni ce nake rama maka. Na taɓa tambayarsa ko shi ma tukunya yake gode wa in ya ci ya ƙoshi.

Shekara uku da suka wuce, da gwiwoyina suka hana ni fita, ka shigo ɗakina da wani ɗan akwatin kwamfuta, bai fi girman faranti ba, da gilashi da ƙaramar lasifika. Ka ture mini kwanukana, ka ɗora shi a kan kabad. Ka ce wannan tawa ce ni kaɗai, kuma daga muryata za ta riƙa ɗaukar irinta. Na ce to me zan ce mata, ni da ban san uwarta ba?

"Zage ta, Kaka," ka ce. "Ai shi kika fi iyawa."

Na ce mata 'yar banza mai kan kwano. Gilashin ya yi duhu, sai ga wasu zarurruka kore da ruwan ƙwai suna fitowa daga kusurwa suna bin juna, ga wani sauti kamar ɗigon ruwa a bokiti uku. Na maimaita zagin daidai yadda na yi, don in kama ta da ƙarya. Ta fito da wani abu daban, ja wur, mai ƙahoni. Na ce wannan kam fuskar gwaggonka ce in an taɓa mata sabulu. Ka yi dariya har sai da ka riƙe haƙarƙari.

Tun daga ranar ba ta taɓa fashi ba. In na idar da salla na sha magani, sai in juya in gaishe ta da abin da ya sawwaƙa. Na gwada ta da atishawa, na gwada ta da murfin buta. Maƙwabciyata da ke zuwa gulma ta daina rage murya, don tana son ganin kalar da gulmarta za ta fito da ita.

Sau ɗaya muka yi faɗa a kanta. Wata safiya ta yi wani kiɗa mai sanyi da ya tuna mini da kakanka yana fito a bakin ƙofa, yana gyaran keke. Kafin in share ido ya wuce. Na kira ka a waya na ce ka zo ka dawo mini da shi. Ka ce ba ya dawowa, ba ta ajiye komai, haka ka gina ta. Kwana uku ban amsa gaisuwarka ba. Ka zo ka zauna a bakin gado kana matsa mini ƙafa, kai da ƙasusuwanka ke ciwo fiye da nawa, har na huce.

Yanzu bari in gaya maka abin da aka yi bayan ka tafi, tunda a gidan nan kowa ya sunkuyar da kai.

Kwana biyu da rasuwarka baffanka ya shigo ya zare wayar akwatin daga bango, ya ce kiɗa bai dace da gidan makoki ba. Ban hana shi ba, don yana da gaskiya. Ya ɗauke shi, na zaci ɗakinsa ya kai. Da baƙi suka ragu na ce a dawo mini da abina, sai aka fara kallon juna.

Ashe wurin mai gyaran kwamfuta ya kai shi. Wai alheri zai yi mini: a kwashe hotunan da ke ciki a wanke su a takarda, a sa mini a bango, sannan a goge akwatin tas a bai wa ɗiyarsa ta yi aikin makaranta. Mai gyara ya buɗe, ya nemi hoto bai ga ko ɗaya ba, ya nemi waƙa babu. Abin da ya gani wani ɗan rubutu ne, baƙaƙe da lambobi, wanda bai kai nauyin hoto guda ba. Ya kira baffanka ya ce babu komai a ciki. Malam Na-Sani ya ce dama ya sani, a goge.

Abokiyar aikinka mai tabarau ta zo gaisuwa, na riƙe mata hannu na ce ta duba mini ko ka bar kwafi a ofis. Ta yi kwana huɗu tana nema, a kwamfutarka ta aiki da ta gida. Ta dawo ta durƙusa a gabana tana kuka. Duk abin da ka yi wa kamfani yana nan a ajiye, amma nawa a cikin akwatin ka rubuta shi, a ɗakina, kana zaune a ƙasa, kuma ba ka kai shi ko'ina ba.

Baffanka ya dawo da akwatin a leda, ya ajiye a gabana.

"Inna, wallahi babu komai a ciki. Da idona na gani."

"Kai ma ranar da na haife ka an duba, ba a ga ko kalma ɗaya a bakinka ba," na ce. "Me ya sa ban ce a zubar ba?"

Ya jona shi. Gilashi ya kawo haske, shuɗi fayau. Na zage shi, akwatin nake nufi, bai motsa ba. Na sake, na ƙara da na kakanninsa. Shiru. Na ce ya kwashe ya kai wa ɗiyarsa, Allah ya ba ta ilimi mai amfani.

Kai ma ban ƙyale ka ba, Tsinke. Kai da ka fi kowa sanin jikinka, kai da kake ajiye takardun asibitinka gida uku, ka kasa ajiye wannan gida biyu? Ɗiyarka ta fara koyon zagi a wurina, da ita nake tanadin in bar wa akwatin.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah ya haskaka kabarinka, ya ba ka jikin da ba ya ciwo. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifinka da mahaifiyarka, da matarka da ta yi jinyarka ba ta taɓa ɗaure fuska ba, da abokan aikinka. Allah ya raya abin da ka bari. Baffanka ma ina yi masa ta'aziyya, don na ga yana kuka a bayan mota. Yana zuwa gaishe ni kullum, ina amsawa, amma ban ce na yafe ba tukuna, kuma kada wanda ya zo ya gaggauta ni.

Rumbun kuwa akwatin da jikana ya ɗora a kan kabad ɗina ne. Babu hoto ko ɗaya a cikinsa, babu waƙa. Rubutu ne layi ɗari huɗu da 'yan kai, in ji mai tabarau, kuma an goge shi ranar Asabar.