Matar da ta hana yayana miƙewa tsaye

Dole a jinjina wa manyanmu masu shirin gyara dokar tallafin naƙasassu. Sun gano cewa masu ba da shawara cunkoso ne kawai. Nan gaba mai tantancewa, wato jami'in da ke duba wanda ya cancanci tallafi, zai shiga gida shi kaɗai, daga shi sai mara lafiya. Ga sauƙi, ga arha. An kuma hutar da su ƙorafin mutum ɗaya, domin ranar Talata, huɗu ga watan Maris, Sanawbar-apa, mai ba naƙasassu shawara, ta rasu a gidanta da ke nan birnin Hujand. Mu na Allah ne, kuma wurinsa za mu koma.

Apa, kamar yadda muke kiran babbar yaya a nan, ni mai sayar da busassun 'ya'yan itace ne, na san yadda ake jera masu kyau a saman buhu. Ke kika nuna mini cewa haka mutanenmu suke yi da kansu.

Yayana Kurban ya faɗo daga saman gini a Rasha, bayansa ya lalace. Ranar da mai tantancewa ya fara zuwa, muka yi abin da iyaye suka koya mana. Muka aro darduma, aka dafa shinkafar osh, abincinmu na karrama baƙo. Kurban ya ciji leɓe ya miƙe, ya zuba wa baƙo ruwan wanke hannu, ya tsiyaya masa shayi. Da aka tambaye shi jiki, ya dafa ƙirji ya ce da sauƙi. Baƙo ya ci ya ƙoshi, ya yi addu'a, ya rubuta cewa mutumin nan garau yake. Kurban kuwa ya yi kwanaki ko juyawa ba ya iyawa.

Na kawo miki kuka a ɗan ofishinki na bayan kasuwa. Kika cire tabarau kika dube ni.

"Nozim, har da osh?"

"Har da nama, apa."

"Ai da kun haɗa masa da kokawa, ya ga ƙarfin da kyau."

Kika ɗaukaka ƙara. Ranar da mai tantancewa zai dawo kika riga kowa isowa, kika zauna a bakin shimfiɗar Kurban. Da ya ji sallama ya yunƙura, kika danne masa kafaɗa.

"Apa, baƙo fa! Me za a ce da gidanmu?"

"Za a ce gidan mai ciwon baya ne. Kwanta. Ni zan zuba shayin, kunyar ta hau kaina."

Da haka ya samu tallafin da yake sayen magani har yau.

Ba ki taɓa koya wa kowa ƙarya ba. Wani maƙwabcin rumfata ya roƙe ki ki koya masa ɗingishi, kika ce ya tambayi sikelinsa, shi ya fi ƙwarewa. Aikinki shi ne ki ɗauke wa mutum kunya na ɗan lokaci, har ya faɗi inda ke masa ciwo. Kin ɗauki ta rabin garin nan, kuma ko zabibi ba ki taɓa karɓa a hannuna ba, sai dai ki ɗanɗana ɗaya ki kushe.

Labarin gyaran ya same ki a kwance. Na zo dubiya na tarar kina faɗa, kina cewa a bar ko mutum ɗaya ya zauna kusa da mara lafiya. Kina ganina sai kika dafa bango za ki ɗauko butar shayi.

"Haba apa, ke ma?"

"Rufe mini baki. Kai baƙo ne."

Allah ya jiƙanki, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya yalwata makwancinki. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Tohir-aka, da 'ya'yanki Shahlo da Nigina, da duk wanda kika taɓa zama a bakin shimfiɗarsa. Allah ya ba mu haƙuri.

Da kaka za a sake duba Kurban, wataƙila a ƙarƙashin sabuwar dokar. An ce kada mu damu, mai tantancewa zai rubuta abin da idonsa ya gani ne kawai. To, a garin nan, wane baƙo aka taɓa bari ya ga halin da gida ke ciki?