Mai Zana Mana Fili da Toka

Jiya na ga ana kwashe toka a murhu, sai marigayi Baba, wani dattijon unguwarmu, ya faɗo mini a rai. Shi ke zana layin filin ƙwallonmu na Zango da toka, yana tafe a duƙe yana tari.

A kakar ƙarshe ba mu ci kowa ba. Da masu ƙungiya suka hana mu alawus, muka shiga yajin aiki, wasa ya tsaya. Wata Asabar na tarar ya gama zane, hannuwansa fari fat.

"Baba, ai babu wasa."

"Ku zo ko a ci ku, ɗana. Ya fi fili ba kowa."

Na yi masa dariya, na ja babur ɗina. Bai ga daminar shekarar ba.

Allah Ya haskaka kabarinsa, ni kuma Ya yafe mini.