Yaya Metir da Turmin Inna

Duk wanda ya san Yaya Garba, wanda unguwarmu Ambassatna kaf ke kira Metir, wato malam, saboda koyarwar da ya yi a lakwal, makarantar firamare, ya san ɗan ƙarfen nan mai yatsu biyu da ba ya barin aljihunsa. Kafin ya amsa maka gaisuwa sai ya ciro shi, ya ƙwanƙwasa a gwiwa, ya kai kunne, sannan ya dube ka. Wai ƙarfen ne ke gaya masa inda ya kamata murya ta tashi. In sallamarka ba ta yi masa ba, maganarsa ɗaya ce: "A sake, daga farko." Ni Hajara ƙanwarsa ce, shi ya goye ni, amma har na aurar da 'yata ta fari ban daina maimaita sallama a ƙofar ɗakinsa ba. Yaran gida ne suka matsa in rubuta abin da na tuna, tun da na yi ajin yaƙi da jahilci. A yi haƙuri da hannuna.

Akwai wata mai tallan kifi da ke bi ta layinmu kullum da safe. Wata rana Yaya ya aika a kira ta. Baiwar Allah ta shigo da murna, ta sauke tire.

Ta ce, "Metir, wanne za a ba ka?"

Ya ce, "Ba kifin na kira ba, muryar. Kin fara da kyau, sai kika faɗo a tsakiya. A sake, daga farko."

Ta dube shi, ta dube ni, ta ɗauki tirenta. Daga ranar ba ta ƙara bi ta layinmu ba, sai kasuwar Dembé muke zuwa sayen kifi.

Amma abin da ya girgiza gidanmu shi ne ranar da ya sami babban yayanmu, Alhaji Sani mai shagon atamfa, ya ce zai koma karatu. Ina zuba musu shayi a lokacin.

Alhaji ya ce, "Madalla. Karatun me?"

"Metriz, babban digiri, a kan yadda ake koya wa yara waƙa. A Kamaru ake yi. Zan riƙa zuwa lokacin dogon hutu, ajina ba zan bari ba."

Alhaji ya ajiye kofi a hankali. "Garba, da furfurarka za ka ƙetare gada a koya maka roƙo? Kakanmu da goro ya shigo garin nan, ba da kalangu ba."

Yaya ya ce, "Da ya shigo da kalangu, da an fi tuna shi."

Ban san shayin ya cika kofi yana zuba a tabarma ba sai da ya taɓa ƙafata.

Daga baya na tambaye shi a hankali me ya kai shi. Ya ce, "Hajara, tun ina saurayi nake koya wa 'ya'yan mutane waƙar Faransi a kan dusar ƙanƙara, suna rerawa gumi na zuba musu. Ina so kafin in bar aji in koya musu ta gidansu, kuma in riƙe takardar da ba mai hana ni."

Haka ya yi ta yi shekaru, safe aji, yamma littattafai, hutu ya ƙetare gada zuwa Kamaru ya hau mota a Kusiri. Tsimi kuwa kun san shi. Batiran rediyonsa mai kaset kullum suna shanye a kan katanga kamar kuɓewa, wai rana na mayar musu da ƙarfi. Bai taɓa danna maɓallin mayar da kaset baya ba. Bik, wato biro, yake zurawa a ramin kaset ɗin, ya yi ta juyawa a sama kamar mai kaɗa miya.

Sai malamansa suka ce aikinsa ba zai karɓu ba sai ya kawo musu waƙoƙin daka daga bakin tsohuwar da ta gaje su, tare da luguden. A lokacin injin niƙa ya riga ya cinye turmi a unguwa. Mutum ɗaya ta rage da ta iya, ita ce Inna, mahaifiyarmu, wadda ta koya wurin uwarta a Damagaram. Inna kuwa ta ce atafau.

"Bakin da ya yi Labbaika ba zai koma waƙar daka ba. Ka je ka nemi wata."

Ya roƙa, ya turo ni na roƙa, ya turo jikoki. Ritaya ta matso, malaman suka ce hutun nan shi ne na ƙarshe da za su jira shi. Yaya ya rame. Ranar da na yi sallama ya amsa ba tare da ya ciro ƙarfen ba, na san abin ya kai inda ya kai.

Wata Lahadi da hantsi sai na ji daka a tsakar gida. Na leƙo, me zan gani? Metir, malamin da ya koyar da rabin unguwa, ya ɗaura zanen matarsa a kan wando, ya riƙe taɓarya, yana dukan gero kamar mai kashe maciji. Maƙwabta sun jeru a kan katanga. Yana kuma rera waƙar Inna, amma ya sa ƙarshe a farko, muryar na hawa inda ake sauka. Mutumin da ya kori mai kifi saboda murya.

Inna ta kira ni daga ɗaki. "Hajara, wa ke fasa mini turmi?"

Na ce, "Yaya Garba ne."

Ina kallon carbinta yana ƙara gudu. Can sai ta miƙe, ta fito ko mayafi babu.

"Ba ni nan, mara kunya. Uwata na kabari kana yi mata wannan ɓarna? Hajara, ɗauko ɗaya taɓaryar."

Muka fara. Inna ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafke, ta ɗauki waƙa tun daga tushe, ta bi ta da wata, ta bi ta da wata. Ashe rediyon Yaya na ƙarƙashin kwando a gindin turmi, da sababbin batira, abin da ban taɓa ganin ya saya ba.

Da dai a nan ya tsaya. Amma mai sayen sabon batir ba zai kuma sayi sabon kaset ba. Na wa'azin Alhaji ya ɗauko, ya toshe ramukan da takarda, ya naɗa a kai. Matar Alhaji ta gani a kan taga, ta mayar wa mijinta. Washegari Alhaji ya kunna shi a shago, gaban wasu alhazai baƙi daga Nijar. Malam yana tsakiyar bayani a kan azabar kabari, sai ga taɓarya, sai ga Inna.

Alhaji ya dawo gida ba hula.

"Garba, ka sa uwarmu waƙa a tsakiyar kasuwa, a kan wa'azi."

Yaya ya ce, "Alhamdu lillahi, a wurinka yake? Wa'azin ai yana nan a ɗaya gefen."

Alhaji ya rantse sai ya ƙona shi. Ni dai na dafa bango, na ce shi ke nan karatun Yaya ya tafi. Sai Inna ta ɗaga labule.

"Alhaji, su baƙin me suka ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Ɗaya ya ce haka kakarsa take yi. Har ya share ido."

"Muryar ta fita sosai?"

"Ta fita, Inna."

"To ba shi kayansa ya je ya ci jarrabawa."

Ya je, ya ci. Shekarar da ta rage masa a aji, turmi ya kai lakwal a bayan kekensa, yara suna tafa lugude suna rera waƙar Damagaram. Wasunku da ke karanta wannan kuna cikinsu. Da ya gama da kaset ɗin, Alhaji ya ce a mayar masa da wa'azinsa, ya kulle a akwati, ba mu ƙara jin labarinsa ba.

Inna ta riga shi tafiya, shi ma bai daɗe ba ya bi ta. Bayan sadakar bakwai ɗinsa, da mutane suka watse, Alhaji ya fito da kaset ɗin ya kunna mana, kuma ba gefen wa'azi ya sa ba. Muka ji Inna har ƙarshe. Sai ga muryar Yaya, yana haki:

"Inna, a sake, daga farko."

Inna ta ce, "Tafi can, ka cire zanen mutane tukuna."

Muka yi dariya har ta juye mana kuka. Alhaji ya cire kaset ɗin, ya laluba aljihu, ya ciro bik, ya zura, ya fara juyawa.

Allah Ya jiƙan Yaya Garba, Ya jiƙan Inna, Ya sanyaya makwancinsu. Allah Ya sa sallamar da ya yi a can an amsa masa ita tun a karon farko. Amin.