Giwan Ruwa a Bayan Dutse

Shekarar da aka datse kogi a Tiga, saura kaɗan in jingine ƙugiyata. A Fagge nake zaune, amma sana'ar su, wato kamun kifi, na gada, kuma abin da Baba ya koya mini guda ne: da rani ruwa yakan kwanta, kifi ya taru a gurbi, kai kuma ka je ka ɗebo. To, rani ya zo, kogin ya ƙi kwanciya. Sai a buɗe masa ƙofa daga can sama, ya taho a guje, da sanyi kamar ruwan randa. Ni kuwa da taurin kaina, kullum ina gurbin Baba, ina dawowa da 'yan karfasar da ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta ci.

Mai sayen kifina wata mata ce 'yar ƙabilar Ibo, mai dafa farfesu a Sabon Gari, kowa Madam yake ce mata. Giwan ruwa take so. Lokacin kuɗin mai ya shigo, kifin ƙanƙara ya cika kasuwa kwali-kwali. Ranar da na sake zuwa mata hannu rabbana, ta nuna mini kwali ɗaya a ƙarƙashin tebur.

"Malam, in ba ka kawo ba, wannan zan koma."

In ta tafi kuwa, sana'ar ta tafi. Na hau yi mata ƙorafin yadda aka lalata kogi. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce a garinsu ruwa bai taɓa kwanciya ba, kuma ba su daina cin kifi ba.

"Babban kifi rago ne, kamar mijina," in ji ta. "Ba ya bin abinci. Bayan dutse yake zama, ruwa ya kawo masa."

Wallahi na ji kunya, ɗan masunci ana koya masa su a bakin murhu. Amma washegari na bar gurbin Baba, na nemi inda gudun ruwa ke dukan dutse ya karye. Na maƙala 'yar karfasa mai rai a ƙugiya, na jefa inda ruwan ke juyawa. Kafin azahar igiya ta yanka mini tafin hannu.

Da na sauke giwan ruwan da na kama daga kan keke a ƙofarta, jelarsa na jan ƙasa, sai Madam ta taso. Ta ɗaga kan kifin, ta jinjina, sannan ta sa ƙafa ta tura kwalin nan can ƙurya.

"Gobe ma," ta ce.