Wutsiyar Ɓera Ta Yi Sanyi

Ƙarfe takwas da minti ashirin na safiyar wata Laraba aikina ya fara lalacewa, ni kuwa ina murna.

Ina shekarar ƙarshe a makaranta, bincikena a kan magimfa, ganyen da wasu masunta ke dakawa su zuba a ruwa kifi ya bugu. Kawuna masunci ne a Wara, shi ya ɗebo mini shi. So nake in gano ko yana rage gudun saƙo a jijiya. Da Inna ta ji da fararen ɓeraye zan gwada sai ta riƙe baki.

"Duk karatun ga naki a wutsiyar ɓera ya ƙare? Ga su nan cikin rumbu, ki kwasa."

Aikin ba wuya. A sa wa ɓera maganin barci, a soka siraran allurai a gindin wutsiya, wasu kusa da ƙarshenta. A ba shi ɗan lantarki, na'ura ta nuna lokacin da saƙon ya ɗauka, a auna tsakanin alluran da rula, a raba tazarar da lokacin a sami gudun. Sau uku nake kowane awo.

Waɗanda na ciyar da magimfa da safe nake auna su don ɗoki, ga damina, ɗakin da sanyi. Sauran, na kwatance da ban ba magimfa ba, sai bayan azahar, kwano ya gasa ɗakin.

A safiyar nan malamin da ke kula da ɗakin gwaji, dattijo mai ƙarancin magana, ya taɓa wutsiyar ɓeran farko.

"Wagga ta yi sanyi," in ji shi.

A gidanmu in an ce ƙafa ta yi sanyi, ƙarfinta ne ya tafi. Na duba na'ura, ga saƙo yana jan jiki. Na ɗauka shaida ya ba ni. Na sunkuyar da kai na rubuta, har na ja layi.

Mako shida na yi a haka. Ranar kare bincike, malamin da aka gayyato daga wata makaranta ya yaba tsabtar jadawalina, sannan ya tambaye ni zafin wutsiyar nawa ne lokacin awo. Ni kuwa ban taɓa auna shi ba. Ya ce jijiya mai sanyi ko ta lafiyayyen ɓera ce a hankali take kai saƙo, shi ya sa ake ɗumama wutsiya a ruwa kafin a auna. Abin da na auna, in ji shi, bambancin safe da rana ne. Wani a baya ya yi dariya. Mai duba aikina, wanda ya sa hannu a kowane babi, yana ta latsa waya.

Aka ce sai baɗi. 'Yan ajinmu suka gama suka fita, na koma gida Yelwa ina taya Inna shanya kifi.

Sai da na yi wata biyu kafin na iya komawa makaranta. Na tarar da dattijon yana wanke keji. Na gaishe shi.

"Malam, ka san sanyin zai ɓata awon?"

"Na sani."

"To mi ya hana ka hwaɗa min a ɗumama?"

Ya yarfe ruwan hannunsa, bai ko dube ni ba.

"Na hwaɗi, kika rubuta. Ke ce mai karatu, ɗiyata. Ni riƙon ɓera aka ɗauke ni."