Da Ba Ni Na Haife Shi Ba

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Likoro ya san nauyin wannan magana. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama hira da shi. Kunya ake kiran abin, Innata kuwa, da yake jinin Fulani ce, ta riƙe ta da hannu bibbiyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina ƙarami "wancan" nake. Da na fara koyarwa a Ikara sai na samu ƙarin girma, na koma "mutumin Ikara".

Ana yaye ni aka kai ni Gubuchi wajen baffana, ƙanin mahaifina, mai gonar rake da sana'ar mazarƙwaila. Shi ya riƙe ni, shi ya sa ni makaranta, kuma ban taɓa kwana da yunwa a gidansa ba, Allah ya jiƙansa. Amma duk hutun da na je Likoro sai in dawo da ɓacin rai. Zan tarar da Inna tana yi wa ƙannena tatsuniya, ko tana tsefe wa autarmu kai suna dariya, ina yin sallama sai dariyar ta ɗauke. Ta kau da kai ta ce wa iska, "A ba shi abinci." Kowa na gaya min wai so ne ya yi yawa har ya koma kunya. Ni dai a lokacin ban ga alama ba, kuma na riƙe abin a zuciya har na yi furfura.

Lissafi nake koyarwa a wata sakandare a Ikara, kuma ina da wani hali da ya kamata in faɗa tun yanzu, don shi ya kai ni ya baro ni. Ina son gardama, kuma ba na son a kayar da ni. Akwai majalisar da muke zama bayan la'asar kusa da teburin mai shayi, malamai biyu-uku, da tela, da wani dattijo dillalin shanu. A nan nake baje kolin tambayoyin da na koyo a makaranta, irin waɗanda ke cin kansu da kansu.

Wadda na fi so ita ce ta wanzami. Sai in ce musu, a ce akwai wani gari mai wanzami ɗaya tak. Duk mutumin da ba ya aske kansa da kansa, wanzamin ne ke yi masa, kuma ba ya taɓa kan wanda ke yi wa kansa. To shi wanzamin, wa ke yi masa aski? In ya yi wa kansa ya karya dokarsa. In kuma bai yi ba, ya shiga cikin waɗanda dole ya yi musu. Tela ya ce, "Ya hau mota ya je Makarfi a yi masa mana!" Aka bushe da dariya, ni kuwa raina ya ɓaci, na buga benci na ce ai ba wasa nake yi ba. Na bar su suka yi ta lalube har shayi ya huce, sannan na ce musu babu irin wannan wanzamin a duniya, ba a taɓa yin sa ba, ba kuma za a yi ba. Tambayar da ta rushe tushenta ba ta da amsa.

Haka na yi musu da bijimin da babu abin da ke iya tsayar da shi, ranar da ya haɗu da katangar da babu abin da ke iya rusa ta. In akwai ɗaya, babu ɗayan, shi ke nan. "Ba ta da amsa!" ya zama tamkar kirarina, har ɗalibai na kwaikwayona da shi in na juya baya.

Wata rana dattijon nan dillali ya gyara zaman hularsa ya ce, "Malam, ni ban yi boko ba. Amma makiyayi in ya tsaya a ƙofar gidanka da rana tsaka ya tambaye ka ko rijiyarku tana da zurfi, ba igiya zai auna ba. Ruwa yake so." Na ce masa wannan zancen kasuwa ne, ba ilimi ba. Ya yi murmushi ya ci gaba da kurɓar shayinsa.

Shekara biyu bayan rasuwar mahaifinmu Inna ta kwanta. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya. Muka kai ta asibiti a Zariya, aka ce zuciya ce, aka ba mu magani aka ce mu koma gida. Autarmu ta baro ɗakin mijinta ta dawo jinya. Ni kuma duk Asabar nakan hau babur daga Ikara, in bi ta Makarfi, in isa Likoro da hantsi. Ban taɓa fashi ba, wannan kam ko maƙiyina ya shaida.

Amma wace irin ziyara? Zan yi sallama, in tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta, rabin jikina a waje. In ce, "Inna ina kwana, yaya jiki?" Ta amsa fuskarta na kallon bango, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Sai ta ce wa auta, "Tambaye shi ya ya baro iyali." In amsa wa auta. In miƙa ledar magani da 'yan lemo, in tashi in koma zaure wajen maza. Duka-duka ba ya kai minti goma. Haka muka saba, ban kuma taɓa tunanin akwai wata hanya ba.

Ranar da nake son ba da labari, damina ta yi nisa, masara ta yi goyo. An kwana ana ruwa, hanya duk taɓo, kuma tayar baya ta yi faci kafin in shiga Makarfi, sai da na tura babur tafiya mai nisa. Na isa gida da azahar, wandona jage-jage da laka, raina a ɓace.

Da na leƙa ɗakin sai na ga an shimfiɗa sabuwar tabarma a gefen gadonta, daf da inda kanta yake. A kan tabarmar akwai ƙwaryar fura rufe da faifai, da ludayi. Na ce a raina wataƙila baƙi ake jira daga dangin Inna. Na tsuguna a inda na saba. Na gaishe ta, ta amsa, sai dai na lura yau ba bango take kallo ba, rufin ɗaki take kallo. Auta na zaune a ƙarshen gado tana matsa mata ƙafa, tana ta satar kallona.

Can sai Inna ta ce, "Auta, tambayar min mutumin Ikara, tun da an ce shi ne mai warware tambayoyi."

Auta ta ce, "To, Inna."

Inna ta ja numfashi ta ce, "Da a ce ba ni na haife shi ba, da zai shigo ya zauna mu yi hira?"

Wayyo ni. Da za a ba ni damar goge minti ɗaya daga cikin rayuwata, wanda ya biyo bayan wannan zan goge. Na gyara tsugunona, na dubi auta kamar ɗalibar aji uku, na ce, "Ki gaya wa Inna wannan tambayar ba ta da amsa. Da ba ita ta haife ni ba, ai da ba ni ba ne, wani mutum ne dabam. Ni kuma ba ni da hurumin amsa wa wani mutumin da ba a taɓa yi ba." Ban tsaya nan ba, don bakina in ya kama hanya ba ya jin birki. Na kawo musu labarin wanzami tun daga farko har ƙarshe. A bakin ƙofar mahaifiyata, tana kwance tana kokawa da numfashi, ni ina zancen wanzami. Auta ta zaro min ido, ta ciji leɓe, ta girgiza kai, duk ina gani, na yi kamar ban gani ba.

Da na gama sai Inna ta ce, "To. Allah ya ƙara ilimi." Ta juya a hankali ta fuskanci bango. Ta ce wa auta, "A ɗauke furar nan, kada ƙuda ya faɗa."

Na daɗe ina gaya wa kaina wai ban gane ba ne, wai halin malanta ne ya rufe min ido. Ƙarya nake yi. Ban gane duka ba, amma na gane rabi, kuma rabin ya isa. Na ga tabarma, na ji yadda muryarta ke rawa. Abin da ya taso min a lokacin fushi ne, tsohon fushin yaron nan da ake ce wa "a ba shi abinci". Zuciyata ta ce, sai yanzu? Shekara arba'in da wani abu ina bakin ƙofa, sai yau za a tuna da ni? Na so ta ɗanɗana kaɗan daga abin da na ɗanɗana. Da yake ba zan iya yi wa uwata rashin kunya a fili ba, sai na ɗauko ilimi na fake da shi. A hanyar komawa har ina ce wa kaina ba komai, Asabar mai zuwa zan shiga in zauna, ai ta ji yadda ake ji.

Ranar Laraba da safe, ina tsaye a gaban allo, wayata ta yi ƙara. Muryar auta ce, ba ta ma iya haɗa magana ba. Kafin la'asar mun kai Inna makwancinta.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, auta ta aiko a kira ni cikin gida. Karo na farko ke nan da na shiga ɗakin Inna har ciki tun ina yaro. Tabarmar na naɗe a jingine a lungu. Auta ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi min ihu da ya fi min sauƙi.

Ta ce, "Yaya, ka san don wa aka sayi tabarmar can?"

Na juya na dubi tabarmar.

Ta ce, "Tun ranar Alhamis ta aika aka sayo. Furar kuma da hannunta ta dama duk da ciwon, na ce ta kawo in yi, ta ƙi. Ta ce min, 'Ban san yadda ake yi masa magana ba, bakina bai saba ba. Amma in aka ce ba ni na haife shi ba, ai ɗan wata ne. Ɗan wata kuwa babu kunya tsakanina da shi. Sai ya zauna in kalle shi da kyau, in kira shi da sunansa ko sau ɗaya ne.' Kwana biyu tana juya yadda za ta faɗa, Yaya. Ita ke nan dabarar da ta samu."

Na ce, "Ya isa haka."

Ta ce, "Bai isa ba. Da safiyar ranar da ka zo na fita ɗebo ruwa, na dawo na tsaya a bakin ƙofa. Ta zaci ba kowa. Na ji ta tana gwada faɗin sunanka a hankali, ta faɗa ta yi shiru, ta sake faɗa. Sau uku na ji. Kai kuma ka zo kana mana zancen aski."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ina jin mata na ta kai-kawo da kwanuka a tsakar gida, ni kuwa ina kuka kamar ba magidanci ba, auta ba ta ce in yi haƙuri ba, kuma ban ga laifinta ba.

Har yau, in ka tsare ni da takarda da biro, ba zan janye abin da na ce kan wanzami ba. Babu shi, kuma tambayarsa ba ta da amsa. Ko maganar da na gaya wa Inna, a lissafe ba a kama ni da kuskure ba, kuma wannan ne ya fi ci min rai. Na yi daidai, na kuma zalunci uwata da daidai ɗin. Ita ba ta jahilci cewa ita ta haife ni ba, ita da ta yi naƙudar. Ta ari abin da ba zai yiwu ba ne don ta samu ƙofar faɗin abin da al'ada ta hana ta. Dillalin shanu ya gaya min tun da wuri, na ce masa zancen kasuwa yake yi.

Na je wajen limamin unguwarmu na zayyana masa komai. Ya ce in yawaita mata addu'a da sadaka, Allah mai gafara ne, uwa kuma ba ta riƙe ɗanta a zuciya. Ina yi. Sai dai "Allah ya ƙara ilimi" ita ce magana ta ƙarshe da ta yi a kaina, kuma ko ita ba ni ta gaya wa kai tsaye ba. Na daina zuwa majalisa da tambayoyina. Tela ya tsokane ni sau biyu kan ko wanzamin ya samu mai yi masa aski, da ya ga fuskata bai ƙara ba.

Da aka zo rabon kayan ɗakinta ban nemi komai ba. Auta ce ta fito da tabarmar ta ɗaure min a bayan babur. Tana nan a ɗakina a Ikara, a naɗe bayan ƙofa, har yanzu da sauran ƙamshin sabunta. Matata ta taɓa ɗaukowa za ta shimfiɗa wa baƙi, na daka mata tsawar da sai da na ba ta haƙuri daga baya. Ni kaina ban taɓa warware ta ba. Wani lokaci in ina shirin fita makaranta nakan tsaya in dube ta, in faɗi amsar da aka tambaye ni, wadda ko yaron da bai shiga aji ɗaya ba ya san ta.

"Zan zauna, Inna."